Yadda Ruwan Alwala Ya Sauke Liman Namadi

Duk wanda ya zauna a Kebbe a shekarun da aka karɓi mulkin kai ya san Liman Namadi, ko bai san shi don karatu ba ya san shi don alwala. Limamin wani ƙaramin masallacin unguwa ne, ginin ƙasa, mai ɗaukar sahu uku idan manoma suna gida, sahu ɗaya da rabi idan damina ta kankama. Kakansa ne ya aza tubalin masallacin, ubansa ya yi limancinsa har ya rasu, shi kuma ya gada yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, bayan ya yi shekara tara a Tambuwal gaban wani malami da ake kira Malam Atiku. Bai zama babban malami ba. Nahawu ya gagare shi, rabon gado kuwa idan aka kawo masa sai ya ce a tafi gaba. Amma babin tsarki ya riƙe shi gam, kuma da shi ya addabi unguwa shekara ashirin. Mafi yawan labarin nan daga bakinsa aka ji, don a ƙarshen rayuwarsa ba shi da hirar da ta wuce tonon asirin kansa, yana yi yana dariya har da buga cinya.

Dogon mutum ne mai jiki, mai son a ga hasken rigarsa. Da shantali biyu yake alwala, butar nan ta ƙarfe mai dogon baki, ɗaya na ƙarewa ya jawo ɗaya. A ƙofar masallaci yake yin ta, bisa wani kututturen giginya, inda kowa zai gani ya koya. Zai cuɗa hannu har gwiwa ta yi ƙyalli, ya tsettsefe gemu, ya bi yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan kuwa matarsa Tambaya ce ke janyowa daga rijiya mai gaba goma sha biyu, kuma ta sha faɗa masa cewa akuyoyinta huɗu ba sa shan abin da alwalarsa ke sha. Idan ya gama tasa sai ya gyara zama ya sa wa ta mutane ido.

"Koma, ka bar lam'a ga dunduniya," zai ce wa dattijo mai furfura, wato ya bar wurin da ruwa bai taɓa ba. Dattijon ya koma.

Wanda ya fi shan wannan shi ne Maccido, na'ibinsa, wani masaƙi ɗan firit marar magana, wanda ke kammala alwala da ruwan da bai cika ludayi biyu ba. Namadi ya duba alwalar nan sama da ƙasa bai sami abin kamawa ba, wannan ne ma ya fi ba shi haushi, sai ya raɗa mata suna alwalar kyanwa. Taimama kuwa, shafar ƙasa ko dutse da shari'a ta yarje wa wanda ya rasa ruwa ko wanda ruwa ke cutarwa, ya san halas ce, ya karantar da ita, amma a ransa tsarkin ragwaye ya ɗauke ta. Manomi ya ce ya yi taimama a gona, sai ya tambaye shi ko ƙafarsa ce ta karye da bai je rafi ba.

A shekarar da aka sauke tutar Turawa abin ya same shi, yana da hamsin da biyar ko kusa. Cewa yake ƙasa ta karɓi mulkin kanta, fatarsa ma ta karɓi nata, ba ta ƙara jin maganarsa ba. Wata Juma'a ce. Ya yi wanka da ruwan ɗumi, bai gama ɗaure wando ba sai ya ji abu ya taso masa daga ƙwauri, ya hau cinya, ya mamaye baya da damatsa. Ba irin ƙaiƙayin cizon sauro ba ne da za ka sosa ka huta. Wannan a can ƙarƙashin fata yake inda farce ba ya kaiwa, da tsikari da zafi tare, kamar an shimfiɗa masa ƙarangiya a ciki. Ya sosa da hannu, ya sosa da marfin shantali, ya kai ga goga baya a jikin rumbu. Ya kira Tambaya ta zo ta duba.

Ta duba gaba ta duba baya. "Malam, ba ni ganin komi. Ba ƙurji, ba tabo, sai sawun farcenka. Fatarka ma ta fi tawa kyau."

Kafin a tafi masallacin Juma'a abin ya lafa. Ya ɗora laifin a kan sabulun salo, aka canza sabulu. Ya ɗora a kan rijiya, Tambaya ta koma ɗebowa daga ta bayan gari, tana tafe tana mita. Ba abin da ya sauya, sai ma abin ya sauko daga wanka ya shiga alwala. Da ya wanke damatsa da ƙafafu ya cuɗa, kafin ya taka daga kututture zuwa gaban sahu abin ya iso, kuma ba ya sakinsa sai an daɗe da sallamewa.

Mutanen Kebbe ba sa barin limaminsu da ciwo, kowa ya kawo abin da ya sani. Abin takaicin shi ne duk maganin ƙaiƙayin da Allah ya sanar da su hanya ɗaya yake bi: a jiƙa ko a dafa, a yi wanka. Wata tsohuwa ta aiko da ganyen sabara, a yi wanka da zafinsa safe da yamma. Malaman gari suka haɗa rubutu allo bakwai, a sha rabi a yi wanka da rabi. Wani malamin asibiti mai zagaya ƙauyuka a kan keke ya ce ƙazwa ce ba ta fito ba tukuna, ya ba shi man shafawa mai warin farar wuta, da sharaɗin a fara dirje jiki da ruwan zafi. Namadi bai ƙi ko ɗaya ba. Akwai makon da ya yi wanka goma sha huɗu, kuma a makon ne ya san cewa mutum mai gemu yana iya birgima a tsakar gida yana kiran uwarsa.

Ga ciwon kai da ya zauna masa, ga jiri idan ya miƙe. Jiri kuwa kowa ya san maganarsa ɗaya ce, jini ne ya yi ƙaranci. Tambaya ta tashi tsaye. Kowace ranar kasuwa sai an kawo hanta, ga zogale, ga nono, ga kan rago idan an samu. Namadi ya ci ya ƙara. Fuskarsa ta cika ta yi ja-ja, idanunsa suka kaɗa, mutane na gaishe shi suna cewa masha Allahu, jini ya dawo wa Liman jiki.

Tambaya ce ta fara faɗin gaskiya, wata rana da hantsi yana zaune yana sosa ƙwauri da guntun kara.

"Malam, ni dai na lura. Ranar da ba ka yi wanka ba, lafiya lau kaka wuni in ban da lokacin salla. Ruwan ga na ba su sonka."

"Ki iya bakinki. Ruwan da Allah yay yi don tsarki, su za su cuce ni? Ni?"

"To, Allah shi ba ka haƙuri."

Ya san daidai ta faɗa, ya ma riga ta sani da wata shida. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin yana kora dattawa su koma wankin dunduniya, da wane baki zai ce ruwa ya ƙi shi?

Wahalar ta gaske a gaban sahu take. Hukuncin a bayyane yake, shi ya sha karantar da shi: motsi kaɗan ba ya ɓata salla, mai yawa yana ɓatawa, kuma idan ta liman ta ɓaci sai ta ja ta waɗanda ke bayansa. Mutum talatin ne a bayansa, shi kuma ga damatsa na cin wuta. Sai ya ƙware a dabaru. Ya koyi sosa ƙwaurin hagu da babban yatsan ƙafar dama a ƙarƙashin riga. Ya koyi matse gwiwar hannu a haƙarƙari yana murzawa a hankali. Dogayen surorin da yake taƙama da su, masu sa tsofaffi jingina da bango, duk ya ajiye ya koma gajeru, yana zuba su da sauri. Manoma suka ji daɗi, har wani ya tare shi ya ce Liman ya fara tausayin talakawa. Ya karɓi yabon bai ko ƙifta ido ba.

Ya gwada yin alwala tun da wuri, ya sha azabarsa a zaure shi kaɗai, sa'an nan ya riƙe ta daga azahar har lisha. Saboda haka ya daina cin wake, ya daina gyangyaɗin rana, ya rage fura. Wani lokaci dabarar ta yi, amma mafitsarar dattijo ba ta san limanci ba, kuma zufar bazara ita ma ruwa ce. Kowace salla idan ya sallame sai ya zauna yana auna ta a zuci, shin motsinsa ya kai yawan da ke ɓatawa ko bai kai ba, kuma bai taɓa samun amsar da ta kwantar masa da rai ba. Tsoro yake ji ƙwarai, tsoron ranar da mutum talatin za su tsaya gaban Allah a ce musu sallarsu tana wurin Namadi. Amma tsoron a ce ɗan gidan ya sauka daga limancin kakansa ya fi wancan kusa da shi, kuma ya san wannan abin kunya ne.

Asirinsa ya tonu a damina ta uku. Ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya fara murɗewa, aka fita roƙon ruwa a fili gabas da gari, maza sun juya rigunansu baibai yadda aka saba. Rana ta uku aka ba Namadi addu'a, don kowa ya san yana da murya. Ya ɗaga hannu ya yi ta roƙo, da gaske yake yi, shi ma gonarsa na ƙonewa. Yana cikin yi iska ta juya, hadari ya haɗo, kafin a shafa addu'ar, ruwa ya ɓarke. Mutane suka tsaya cikinsa hannu a sama, tsofaffi na kuka, ba wanda ya motsa. Mutum ɗaya ne ya ruga, shi ne wanda ya roƙo ruwan. Ya tattare riga ya zura da gudu, rawani na warwarewa, ya tsallake kunyoyi ya faɗa wata bukkar gona. Bai tsira ba, ya riga ya jiƙe sharkaf.

Maccido ne ya bi shi. Ya same shi ba riga, ya manna baya a dirkar bukkar yana sama yana ƙasa, hawaye na zuba. Maccido ya juya masa baya, ya tare ƙofar da jikinsa don kada na waje su leƙo. Sai da abin ya lafa ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Liman, abin ga ya wuce sabara. Ka tafi Sakkwato."

"Ka dai gani."

"Ina bayanka kullum, sau biyat. Na daɗe ina gani."

Namadi ya ce a ransa, duk faɗin Kebbe a rasa wanda zai same shi a haka sai mai alwalar kyanwa. Gari kuwa ya ɗauka. Wasu suka ce iska ce ta shafe shi, wasu suka fara rage murya suna ambaton kuturta, wani ma ya janye hannu da wuri wajen gaisawa. Wannan ne ya tashe shi, ba shawarar Maccido ba.

Bayan noman farko ya hau jaki zuwa Tambuwal, daga nan ya shiga motar kaya zuwa Sakkwato. Likitan da ya gani a babban asibiti wani siririn Bature ne mai tabarau, wani nas na yi musu tafinta. Bai daɗe a kan fata ba. Ya buɗe masa ido, ya danna cikinsa ta hagu ya ce saifarsa ta kumbura, ya sa aka ɗebi jini. Jinin ya fito baƙi-baƙi, da kauri, yana bin allurar da ƙyar. Kafin Namadi ya ambaci ruwa, likitan ne ya tambaya ko bayan wanka ƙaiƙayin ke zuwa. Namadi ya ji kamar ya rungume shi.

Bayan kwana biyu aka kira shi. Nas ya ce sunan cutar polisaitimiya vera, Namadi ya gwada faɗa sau biyu ya haƙura. Ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarta. Ɓargonsa ne ke yin jini fiye da bukata, jinin ya yi yawa ya yi kauri, shi ke kawo ciwon kai da jiri da jan ido, kuma da yawa daga masu ita ruwa na tayar musu da ƙaiƙayi.

"Yawa yac ce?" in ji Namadi. "Ba ƙaranci ba?"

"Yawa, Malam."

Sai ya tuna hantar shekara biyu da kawunan raguna, ya fashe da dariya har likita ya tambayi nas ko lafiya.

Aka zuƙe masa jini kwalba guda, bayan kwanaki aka ƙara. Kansa ya yi sakayau, rabonsa da jin haka har ya manta. Aka ce ya riƙa dawowa ana ragewa, don cutar ba ta warkewa, lallaɓa ta ake yi. Ƙaiƙayin kuwa likita bai yi masa alkawari ba. Ya ce ya dai rage taɓa ruwa iyakar iyawarsa, kuma idan ya taɓa kada ya cuɗa. Namadi ya sa nas ya gaya masa cewa sau biyar ake salla, kuma a wurinsu alwalar da ba cuɗawa ba alwala ba ce. Likita ya watsa hannu ya ce wannan ba fanninsa ba ne. Da ya fito ya gwada alwala mai ruwa kaɗan, wanki ɗai-ɗai, irin ta Maccido sak. Kafin ya tayar da kabbara abin ya iso.

A hanyar dawowa ya tsaya a Tambuwal gaida Malam Atiku. Tsohon ya haura tamanin, idonsa ya tafi, yana zaune a zaure bisa buzu. Namadi ya tuɓe takalmi ya durƙusa, da furfurarsa da komai, ya zayyana masa tun daga wankan Juma'a har kwalbar jini. Ko susar ƙwauri da yatsa bai ɓoye ba.

Malam ya ce, "Namadi, da munka gama alwala da wanka, wane babi munka shiga?"

"Na taimama, Allah shi gafarta Malam."

"Ka halarta, ko kana gona?"

"Na halarta."

"To don wa kaz zaci anka rubuta shi? Don mutanen garin Jabo kaɗai?"

Namadi ya sunkuyar da kai.

"Wanda ruwa ka cutarwa, ƙasa ta ishe shi. Shekara ukku kana azabta jikin da anka ba ka amana, kana wasa da sallar mutane, don kar a ce ɗan Liman ya shafi dutse. Wanga ba tsoron Allah na ba, tsoron Kebbe na." Ya numfasa. "Sauran kuma ka san shi, ba sai na faɗa ba."

Ya sani. Malamansu ba sa son mai taimama ya zama limamin masu alwala. Sallar ba ta ɓaci ba, amma makaruhi ne, abin ƙi, matuƙar akwai mai alwalar da ya iya. Kuma akwai shi, yana can Kebbe yana saƙa.

"Malam, makaruhi dai na, ba haramun ba."

"Hakanan na. Da wani yaz zo maka da tambayag ga shekara biyat da sunka wuce, mi za ka ce mai?"

Namadi ya san abin da zai ce wa mutumin, har da muryar da zai faɗa da ita.

A hanyar Kebbe ya sauka daga jaki ya tsinci wani dutse sumul, cikin tafin hannu, ya jefa a aljihu. Daga nan ne ya yi abin da ya fi jin kunyarsa a duk rayuwarsa, kuma shi ne labarin da ya fi yawan bayarwa. Ya ce wa mutane an rage masa jini ya sami sauƙi, amma likita ya hana shi shan iska, don haka a gida zai riƙa alwala. Idan lokaci ya yi sai ya shiga ɗaki ya sakaya ƙofa ya yi taimama da dutsen. Sa'an nan ya tsoma yatsu a randa ya jiƙa gemu da gira, don fuska ba ta yi masa ƙaiƙayi, ya fito yana yarfe hannu. Fatarsa ta yi shiru, amma sallar ba ta dawo ba. Da hankalinsa na kan ƙwauri, yanzu ya koma kan gemu, ko ya bushe, ko Maccido ya lura ƙafafunsa a bushe suke. Kwana arba'in ya yi a haka.

Wata azahar Tambaya ta shigo ɗaukar ludayi ta same shi sunkuye a bakin randa yana ɗiga wa gemu ruwa. Ta tsaya ta dube shi.

"Malam, dutsen ga na gane, na Allah na. Ruwan gemun fa, na wa na?"

Ta ɗauki ludayinta ta fita. Ya tsaya a wurin har ladan ya gama kiran salla, sa'an nan ya goge gemun da hannun riga, ya goge shi sosai, ya riƙe dutsen a hannu ya fita.

Mutane na tsugune a ƙofar masallaci kowa da butarsa. Ya ratsa su ya zauna, ya ajiye dutsen a gabansa. Ya yi bisimilla a bayyane, ya dafa shi da tafuka biyu ya shafi fuska, ya sake dafawa ya shafi hannaye zuwa gwiwa. Ƙarar ruwa ta tsaya. Ya ɗago ya gaya musu duka, sunan cutar kaɗai ya tsallake: cewa ruwa ne ke tayar masa da ita, cewa shekara uku yana ja musu salla yana susa, cewa kwana arba'in ɗin nan da taimama ya ja su, jiƙaƙƙen gemun kuwa ƙarya ne. Ya roƙe su gafara. Muryarsa ta yi rawa, ya ji haushin hakan.

"Maccido, shiga gaba."

Maccido ya ja da baya. "Liman, wurin kakanka na. Ni masaƙi na."

Wani dattijo ya ce ai salla bayan mai taimama ta yi, su sun yarda, Liman ya ci gaba da abinsa. Wasu suka ce haka ne. Maganar ta yi wa Namadi daɗi har cikin ƙashi, kuma ya san idan ya ƙara jinkiri kaɗan zai karɓa.

"Ta yi," ya ce, "amma bayan mai alwala ta fi, ga shi kuwa tsaye shina ɓoyo bayan mutane. Maccido, kak ka sa in roƙe ka, ban iya ba."

Aka yi iƙama. Maccido ya shiga gaba yana taka ƙasa kamar za ta fashe. Namadi ya tsaya a ƙofa bai san inda zai nufa ba, shekara ashirin da biyar rabonsa da sahu a masallacin nan. Mutum biyu suka matsa suka buɗe masa wuri. Da aka zo ruku'u na farko ya riga liman sunkuyawa, har da ɗaga murya da kabbara, rabin sahu suka bi shi, sai da ya taso da sauri ya jira masaƙi. Wani a gefensa ya yi tari irin na mai danne dariya. Daga nan ya nutsu. Maccido ba ya sauri, tsayuwarsa doguwa ce, sujadarsa ta fi. Namadi ya tsaya hannayensa a sake, ba abin sosawa, ba kowa a wuyansa. Ya karanta abin da yake karantawa tun yana ɗan shekara bakwai, ya ji kowace kalma. A sujadar ƙarshe ya yi kuka. Baƙin cikin wurin da ya rasa yana ciki, akwai kuma wani abu da ba baƙin ciki ba, bai tsaya rarrabe su ba.

Da ya koma gida Tambaya na tankaɗe a tsakar gida. Labari ya riga shi isowa, amma ta tambaya.

"Malam, ƙaƙa anka ƙare?"

"An ƙare. Limanci ya tafi gidan masaƙa."

Ta ajiye rariya. "Ka yi haƙuri."

"Ina yi." Ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafafu, ya daɗe yana kallonsu. "Tambaya, yau na yi salla. Shekara ukku rabona da ita."